Ɗariƙa da Bangaskiya a Addinin Kirista

Tsohuwar muhawara ce tsakanin Kiristoci ko ɗariƙar da mutum yake bi ce ke kai shi ga ceto, ko kuwa sahihancin bangaskiyarsa. Kifiriyanus, bishof na Kartaj a ƙarni na 3, ya koyar da cewa wanda ya ware daga ikilisiya ya rabu da ceto. Martin Luther, wanda ya soma gyaran ikilisiya a Jamus a 1517, ya nace cewa bangaskiya ga Almasihu ce kaɗai ke baratar da mai zunubi. A 1964 Majalisar Vatikan ta Biyu ta amince cewa baftismar da aka yi daidai a wasu ɗariƙu tana haɗa mai bi da ikilisiyar Katolika, ko da yake haɗin bai cika ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce zuciya ce tushe, amma ɗariƙa ma tana da nauyinta. Mai cewa duk majami'u ɗaya ne ya manta cewa ɗariƙa ce ke yanke ko a yayyafa wa jariri ruwan baftisma, kamar yadda Angilikan suke yi, ko a jira ya mallaki hankalinsa a nitsar da shi, kamar Baftis. Mai cewa kyakkyawar niyya ta wadatar kuwa, sai a tuna masa cewa mutum yakan ɓata hanya da zuciya ɗaya, shi ya sa koyarwa take da muhimmanci. A Nijeriya, ƙungiyar Kiristoci ta CAN da aka kafa a 1976 ta tara ɗariƙu a inuwa guda, kowace tana riƙe da aƙidarta.