Gushewar hankali da cutar sikizofiriniya: alamomi da hanyar neman magani a Minna

A bakin jama'a duk sunansu ɗaya ne, wato hauka ko taɓin hankali, amma likitoci sun bambanta su. Gushewar hankali, wadda suke kira saikosis, yanayi ne da mutum ke kasa rarrabe zahiri da abin da ƙwaƙwalwarsa ke raya masa. Yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya kafe a kan cewa ana bibiyarsa ko an sa masa guba a abinci, kuma babu hujjar da za ta sauya masa ra'ayi. Zazzaɓi mai tsanani, farfaɗiya da shan tabar wiwi duk suna iya jawo shi, haka nan yakan sami wasu mata jim kaɗan bayan haihuwa.

Ita kuwa sikizofiriniya cuta ce mai daɗewa wadda gushewar hankali ke cikin alamominta. Likitan ƙasar Siwizalan, Eugen Bleuler, ne ya raɗa mata wannan suna a 1908. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, kimanin ɗaya cikin 300. Ta fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, kuma takan riga kama maza. Gado na da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

Alamomin farko ne suka fi kuɓuce wa iyali, domin ba su da hayaniya: saurayi ya daina fita majalisa, ya bar wanka, barci ya ƙaurace masa, karatu ko sana'a ta tsaya. Sau da yawa sai a ce sammu ne ko shafar aljanu, a shafe watanni tsakanin masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma jinkirin fara magani na ƙara wahalar warkewa.

Tun 1952, lokacin da aka fara amfani da chlorpromazine a Faransa, ake da magungunan da ke lafar da alamomin. A yau akwai haloperidol, risperidone da olanzapine, har da allurar da ake yi lokaci-lokaci ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Hukumar ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu cutar kan warke sarai. Babbar matsala ita ce daina shan magani da zarar an ga sauƙi.

Ga mazauna Minna, matakin farko shi ne ganin likita a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, domin a tantance ko wata cuta ce ta jiki ta haddasa ruɗewar. Idan akwai buƙata, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Doka ma ta sauya. A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta haramta ɗaure marar lafiya da mari ko sarƙa, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta bankaɗo a wurare da dama a Najeriya cikin rahotonta na 2019.