Kyauta Ko Haƙƙi: Tarihin Haraji a Kan Fanshon Gwamnati a Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana jawo muhawara a Amurka, wato ko kuɗin da gwamnati take bai wa tsofaffi da marasa aikin yi yana cikin kuɗin shigar da haraji ya hau kansa. Amsar ta rataya ne a kan sunan da aka kira kuɗin da shi. A dokar ƙasar, wanda aka yi wa kyauta ba ya biyan harajin kuɗin shiga a kanta. Amma abin da mutum ya samu da guminsa, hukuncinsa ɗaya da albashi. Kamar yadda za a gani, gwamnati ta sauya wa kuɗin suna ne a lokacin da asusunta ya shiga ƙunci.

Zamanin Kyauta

A shekarar 1935, lokacin da matsin tattalin arziki ya tagayyara ƙasar, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kafa tsarin fansho na Social Security. Ana yankar wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya zuba daidai da haka. A watan Janairu na 1940 aka fara biyan fansho wata-wata. Dokar ba ta ce komai ba game da haraji a kan kuɗin, don haka Ma'aikatar Baitulmali ta yanke hukunci a 1938 da kuma 1941 cewa tamkar kyauta ne daga gwamnati. Wannan fahimta ta ɗore fiye da shekara 40, duk da cewa 'yan siyasa suna gaya wa talakawa cewa fanshon haƙƙinsu ne da suka biya.

Sauyin 1983 da 1993

Marasa aikin yi aka fara taɓawa. Dokar 1978 ta ɗora haraji a kan wani ɓangare na kuɗin tallafinsu, sannan dokar 1986 ta haɗe shi gaba ɗaya cikin kuɗin shiga.

A farkon shekarun 1980 asusun fansho ya kusa kasa biyan jama'a. Shugaba Ronald Reagan ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Alan Greenspan, kuma bisa shawararsa aka yi dokar 1983. Daga 1984, rabin fanshon mutum yana iya shiga lissafin haraji, muddin sauran kuɗin shigarsa haɗe da rabin fanshon ya haura dala 25,000, ko dala 32,000 ga mata da miji. Hujjar ita ce, kason da ma'aikaci ya zuba an riga an biya masa haraji, na mai ɗaukar aiki kuwa ba a biya ba. Abin da aka tara yana komawa asusun fanshon ne.

A 1993, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka ɗaga kason zuwa kashi 85 cikin ɗari ga wanda ya haura dala 34,000, ko dala 44,000 ga ma'aurata. Ƙarin da aka samu ana zuba shi a asusun kula da lafiyar tsofaffi.

Wani abin lura shi ne, ba a ɗaure waɗannan adadi da hauhawar farashi ba. Dala 25,000 a 1984 kuɗin mai hali ne, amma da tsadar rayuwa ta ƙaru, harajin da aka tsara domin 'yan tsiraru ya gangaro kan masu matsakaicin ƙarfi, ba tare da Majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a ba. Dokar 2025 ta yi wa masu shekara 65 zuwa sama rangwamen dala 6,000 har zuwa 2028, amma ba ta soke harajin ba.

Kammalawa

Duk da waɗannan sauye-sauye, akwai iyakar da ba a ƙetare ba. Tallafin da ake bayarwa saboda talauci, kamar na abinci da na tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, har yanzu ba a biya masa haraji. Haka kuma kuɗin agajin da aka raba wa jama'a lokacin annobar korona a 2020 da 2021. Ke nan ƙa'idar da ta fito daga wannan tarihi ita ce: kuɗin da ya tsaya a madadin albashi ana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, wanda aka bayar saboda buƙata kuwa ana ƙyale shi. Tsohon ma'aikacin Amurka ya sami amincewar doka cewa fanshonsa haƙƙi ne, kuma wannan amincewar ce ta buɗe wa mai karɓar haraji ƙofar gidansa.