Yadda Nazarin Rubutun Ilimi Ya Sauya Alƙibla Daga 1962 Zuwa Yau

Nazarin harshen da masana ke rubuta bincikensu da shi fage ne da bai daɗe da kafuwa ba, amma ya sauya alƙibla fiye da sau ɗaya. Yana da kyau ɗalibin da ke shirin rubuta kundi ya san wannan tarihi.

Da farko, ƙidaya aka sa a gaba. A shekarar 1962, C. L. Barber ya ɗauki wasu rubuce-rubucen kimiyya na Ingilishi, ya ƙirga tsawon jimlolinsu da lokutan aikatau da suka fi yawa a ciki. Irin wannan aiki ya nuna siffar harshen, sai dai bai bayyana dalilin da ya sa marubuci ya zaɓi wata siga ya bar wata ba.

Wannan giɓi ne John Swales ya cike. A 1981 ya nazarci gabatarwar maƙalu 48, sannan a littafinsa na 1990 ya nuna cewa gabatarwa takan bi matakai uku: marubuci ya fayyace fagen, ya nuna abin da magabata suka bari, sannan ya faɗi yadda aikinsa zai cike gurbin. Daga nan hankali ya koma kan manufar kowane sashe. Ken Hyland ya faɗaɗa batun, inda ya binciki yadda masana ke sassauta da'awarsu da kalmomi irin su “wataƙila”, da yadda salon ke bambanta daga fanni zuwa fanni.

Daga ƙarshen ƙarni na 20, sai tambayar ta zama ta iko. Mary Lea da Brian Street, a 1998, sun nuna cewa matsalar ɗalibai a jami'o'in Birtaniya ta wuce nahawu, domin kowane fanni yana da sharuɗɗan da malamai ba sa bayyanawa. A 2002 kuma Suresh Canagarajah, ɗan asalin Siri Lanka, ya nuna yadda ƙarancin kayan aiki da ƙa'idojin mujallun Turai da Amurka ke tauye masanan ƙasashe masu tasowa.

A fagen Hausa, an fi ba da ƙarfi ga keɓaɓɓun kalmomi, kamar ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Aikin da ke jiran manazarta shi ne su tattara kundaye da maƙalun da aka rubuta da Hausa, su duba yadda ake gina gabatarwa da kafa hujja a cikinsu.