"Mu" Ɗin Da Ke Farkon Tsarin Mulki, Har Da Mu A Ciki?



Duk wanda ya buɗe kundin tsarin mulkin 1999 zai tarar an fara da cewa mu al'ummar Nijeriya ne muka ɗauki alkawarin zama ƙasa ɗaya wadda ba ta rabuwa, a ƙarƙashin ikon Allah, bisa 'yanci da daidaito da adalci. Wannan "mu" ɗin tana da tarihi.

Tsarin mulkin 1960 daga Ingila ya zo da umarnin Sarauniya. Na 1963 ne ya fara magana da bakin 'yan ƙasa, ta hannun majalisa. A 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin Rotimi Williams na mutum 49 (an naɗa 50, Awolowo ya ƙi shiga), aikinsu ya haifi na 1979. Na 1999 kusan kwafinsa ne, kuma da Dokar Soja ta 24 Janar Abdulsalami ya kafa shi, ba a tambayi talaka ba.

Ni dai ba hannun soja ne ya fi damuna ba. Sashe na 41 ya ba ka damar zama ko'ina, na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko asali. Amma sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta, sannan na 318 ya ɗaura zama ɗan jiha a kan tushen iyaye da kakanni. A kan irin wannan ne takardar shaidar ɗan asali ta samu gindin zama. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, amma yaron da aka haifi kakansa a can, in ya nemi tallafin karatu na jiha, sai a ce ya nufi Kano, garin da wataƙila bai taɓa takawa ba. A faɗi gaskiya, haka mu ma ake yi wa ɗan Ibo haifaffen Sabon Garin Kano. Ko wata biyu kundin bai cika da fara aiki ba rikicin Shagamu ya ɓarke a Yulin 1999.

Abin mamaki, a shekarun 1950, tun Bature na nan, kafin a rubuta wata gabatarwa da sunanmu, mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko a tutar NCNC.