Wa Ke Naɗa Alƙali, Wa Ke Tuɓe Shi a Ƙasar Rano

A waɗansu jihohin Amurka, jama'a ne su ke zaɓen alƙalansu da ƙuri'a. A jihar Misuri kuwa, tun 1940, gwamna ke naɗa manyan alƙalai, sa'an nan in sun ɗan jima bisa aiki sai a tambayi mutane, a bar su ko a tuɓe su. Da irin wannan ƙuri'a mutanen Kalifoniya suka tuɓe babbar alƙaliyarsu, Rose Bird, da abokan aikinta biyu cikin 1986, bisa zargin ba su son hukuncin kisa. To, mutumin Rano ko na Kibiya bai taɓa jefa wa alƙali ƙuri'a ba. Ga yadda al'amarin ya gudana a wajensa.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, amma ta daɗe ƙarƙashin Kano. Bayan jihadi, naɗin alƙali a hannun Sarkin Kano ya ke. Akan duba malami wanda ya san Risala da Muhtasar, a ba shi shari'a. Ba shi da albashi, sai ushira da abin da aka kawo masa na alheri. Wanda ya naɗa shi kuwa, shi ke tuɓe shi ran da ya ga dama.

Da Turawa suka ci Kano cikin 1903 ba su rushe wannan ba, sai suka ɗora nasu a kai. Aka zaunar da alƙalai a garuruwan hakimai, aka yanka musu albashi daga Baitulmali, aka kasa kotuna daraja daraja, kowace da iyakar hukuncinta. Ba kotun da za ta zauna sai da takardar iznin Razdan, Di'o kuma in ya zo rangadi yakan buɗe littafin shari'a ya duba. Cikin 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, da malamai daga Sudan. Watau alƙali ya zama yana da iyayengiji biyu, Sarki da Razdan, talaka kuwa ba ya cikin lissafi.

Aibin wannan tsari bai fito sosai ba sai da siyasa ta zo. Alƙali ma'aikacin En'e ne, En'e kuwa tana da gefen da ta ke goyon baya. Bayan an kafa NEPU cikin 1950, mutanenta suka yi ta kukan ana ɗaure su a kan lacca ba izni, ko a ce sun zagi sarakuna. Da wuya mutum ya yi hukuncin da zai ɓata wa mai riƙe da abincinsa rai, ko da malamin kirki ne.

Cikin 1960 aka kawo dokar Final Kod. Cikin 1968 gwamnatin soja ta rufe kotunan sarakuna, ta karɓe na alƙalai daga hannun En'e, suka zama kotunan yanki. Da Kano ta koma bisa Shari'a cikin 2000 suna ya sake, amma naɗi da ladabtarwa suka tsaya wajen Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a, wadda Babban Jojin Jiha ke shugabanta.

An ɗaga darajar sarautar Rano cikin 2019, aka rushe cikin 2024, aka kuma mayar da ita daraja ta biyu cikin 2024 ɗin, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Duk wannan bai mayar wa Sarki naɗin alƙali ba. Manomin Kibiya da aka danne wa gona ta gado, sai dai ya ɗaukaka ƙara, ko ya sami mai rubutu ya kai takardar koke Kano.