Rokar Kwali da Tashar Kano

Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya cikin kumbo, tashar NASA da ke Kano na cikin masu bibiyarsa. A lokacin yaran Amurka sun riga sun tsunduma cikin harkar, domin kamfanin Estes, wanda aka kafa a 1958, yana sayar musu da ƙananan rokoki. Yaro zai harhaɗa kwali da fukafukan katako, ya kunna da batir, rokar ta tashi, ta sauko da lema. Wasunsu suka zama injiniyoyi. Yaranmu masu ƙera motar kara ba hikima suka rasa ba, kayan gwaji da jagora suka rasa. Tauraron Nijeriya na farko, na 2003, a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi.