Yadda Aka Koyi Toshe Kunne

A shekarar 1853, marubucin tarihi Thomas Carlyle ya ƙosa da hayaniyar unguwar Chelsea a birnin Landan. Zakarun maƙwabta suna hana shi barci, makaɗan bakin titi suna hana shi rubutu. Sai ya ɗauko magina suka ɗora masa ɗaki a can saman gidansa, mai bango biyu da tazara a tsakani. An kashe kuɗi, an gama gini, ya shiga ya ja ƙofa. Hayaniyar kusa ta ɗan lafa, amma sai ga usur ɗin jirgin ƙasa da ƙahon jiragen kogin Thames, waɗanda a da ba ya jin su sosai daga ƙasa, sun iske shi a sama. A ɗakin ya daure shekaru yana rubuta tarihin Sarki Frederick, yana mita.

Kuskuren Carlyle shi ne ya ɗauki ƙara a matsayin abu guda, alhali iri-iri ce. Akwai mai kauri, irin rugugin inji da amon babbar ganga, akwai kuma siririya, irin usur da kukan jariri. Mai kaurin tana ratsa bango, shi ya sa ake jin gangar biki daga wata unguwa ba tare da an ji abin da mawaƙin yake faɗa ba. Duk abin toshe kunnen da ke kasuwa a yau an ƙirƙiro shi ne don yaƙar wata ƙara takamaimai, kuma har yanzu a kanta ya fi ƙarfi.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne kakin zuma. A tsohon labarin Girkawa, da shi Odysseus ya toshe kunnuwan matuƙan jirginsa. Wannan labari ne ya ba wani mai haɗa magunguna a Balin, Maximilian Negwer, dabarar cuɗa kaki da auduga ya mulmula su ƙanana. Ya kafa kamfaninsa a 1907, ya raɗa wa kayan suna Ohropax, wato kunne a Jamusanci da salama a Latin. Birane a lokacin sun cika da masana'antu da taragon lantarki, saboda haka bai rasa masu saye ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba wa sojojin Jamus don tsawar igwa, marubuci Franz Kafka kuma ya ambata a wasiƙunsa irin dogaron da ya yi da shi.

Marufin da ake ɗorawa bisa kunne kuwa, asalinsa ba ruwansa da ƙara. Chester Greenwood, yaro ɗan shekara 15 a garin Farmington na jihar Maine a Amurka, ya lanƙwasa waya a 1873, kakarsa ta ɗinka masa fata mai gashi a jiki, don sanyi na cin kunnuwansa. Siffar ta jira shekaru da yawa kafin ta sami aikinta na biyu. Tun 1886 likita Thomas Barr ya auna jin maƙeran tukunyar tururi guda 100 a Glasgow, ya tarar da wuya a sami mai lafiyayyen kunne a cikinsu, amma a wancan zamani kurumta ladan sana'a ce, ba wanda ya ɗauke ta abin da za a hana. Sai da jiragen sama masu injin jet suka zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙararsu ta fi ƙarfin auduga, sannan aka dage wajen ƙera ƙoƙo mai tauri, cikinsa soso, bakinsa matashi mai laushi da ke manne wa fata. A 1972 Ross Gardner ya ƙara da matoshin soso, wanda ake murzawa a tura cikin kunne ya kumbura a hankali.

Duk waɗannan katanga ce kawai, kamar bangon Carlyle, kuma sun gaji halinsa: suna tare siririyar ƙara da kyau, mai kauri kuwa tana samun hanya. Lambar da ake bugawa a kwalinsu, NRR a Amurka tun 1979 ko SNR a Turai, a ɗakin gwaji aka auno ta, a kan wanda aka sanya wa marufin daidai wa daida. A wurin aiki abin da ake samu ba ya kai haka. Ƙafar tabarau ko gefen hula kaɗai ya isa ya buɗe kafar da ƙara za ta bi.

Ɗaya reshen tarihin ya faro ne daga takarda. A 1933 wani Bajamushe, Paul Lueg, ya nemi rajistar wata dabara, Amurka ta ba shi a 1936. Sauti turi ne da ja da iska ke yi wa dodon kunne. Idan makirufo ya ɗauki ƙara, lasifika ta fitar da kishiyarta a daidai lokacin, tana ja inda waccan ke turi, sai su kashe juna. Lissafin daidai ne, kayan lantarkin zamaninsa ne ba su da saurin da zai cika shi. Rundunar sojan saman Amurka ta gwada a shekarun 1950, abin bai fita daga ɗakin bincike ba.

A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Zurich zuwa Boston aka miƙa masa sabon abin sauraren kiɗa. Rugugin inji ya danne kiɗan, da ya ƙara murya kuma sai sautin ya dagule. Kafin jirgin ya sauka ya zana lissafinsa a takarda. Aikin ya ci fiye da shekara goma. A Disamba 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka kewaye duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager, ba sauka ba shan mai, suna matse tsakanin inji biyu, kunnuwansu sanye da samfurin gwaji na Bose. A 1989 aka fara sayar wa matuƙan jirgi, a 2000 kuma QuietComfort ya iso hannun fasinja.

A nan ne masu saye suke yawan ruɗewa. Na'urar da aka haifa a cikin jirgi, ƙarar jirgi ta sani: mai kauri, mai ɗorewa, wadda ba ta sauya hali. Ƙarar da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawon zangonta kimanin mita 3.4 ne, ko na'ura ta ɗan makara ba a yi asara ba. Wadda ke kaɗawa sau 4,000 kuwa zangonta bai kai santimita tara ba, jinkiri kaɗan zai sa kishiyar ta ƙara mata ƙarfi maimakon ta kashe ta. Don haka rugugin jirgi, na'urar sanyaya ɗaki da janaretan maƙwabci suna ja da baya, amma hirar abokin aiki tana nan, wani lokaci ma ta fi fitowa sarai tunda an share abin da ke lulluɓe ta. Ga ma'aikacin ofis da surutu ne damuwarsa, marufin ma'aikatan masana'anta mai arha yakan fi mai tsadar amfani, ko da bai kai shi kyan gani ba. Wanda ke yini kusa da injin niƙa ko wata ƙara da ta kai desibel 85 na tsawon awa takwas, kariya yake bukata mai lamba a jiki, ba abin jin kiɗa ba.

Barci ne ya fi ƙin ci gaban. Ƙoƙo mai tauri ba ya barin mutum ya kwanta ta gefe, yana tara gumi a daren zafi, na lantarkin kuma batirinsa na iya mutuwa kafin asuba. Masu aikin dare da matafiya har yanzu ga soso da kaki suke komawa, suna sauya su akai-akai don gudun ciwon kunne. Kamfanin da Negwer ya kafa yana nan a Jamus, yana sayar da mulmulallen kaki a naɗe cikin auduga, kusan yadda ya fara.